Masu Cewa "Sai Ka Sayi Monita", Ku Zo Mu Yi Ta: Zare Kan Raspberry Pi Da Talabijin Mai Ƙeya

1/
Jama'a, akwai wata shawara da ta zama hadda a bakin masu koya wa matasa kwamfuta, kuma tana kashe wa yaranmu gwiwa a Gwarzo da Kabo: "ai sai ka sayi monita." Yau a kanta zan tsaya. Wanda zai ji haushi ya ji. Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Ga yadda abin yake faruwa. Yaro ya samu Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce katin ATM girma ba. Ko yayansa ne ya aiko masa daga Abuja, ko a wani taron horaswa aka ba shi. A gidansu babu monita. Amma akwai talabijin mai ƙeya a ɗakin Inna, mai ramukan nan uku a bayansa: ruwan ɗorawa, fari, ja.

3/
Ya jona. Hoto ya fito yana gudu sama kamar ana jan guga. Ko ya tsaya amma babu kala. Ko farkon rubutu ya shige cikin kwalin talabijin ɗin. Ko haruffan sun fito ƙanana kamar kiyashi. Ya ɗauki hoto ya tura gurup, cikin minti biyu manyan "injiniyoyi" sun yanke hukunci: Pi ɗin jabu ce, TV ɗin ya tsufa, ka nemo monita mai HDMI.

4/
Shi ke nan an gama da shi. Ya naɗe Pi a leda ya jefa ƙasan akwati, ya koma danna waya. Na ga haka ba sau ɗaya ba tsakanin Getso da Garo, kuma a duk wadda ta zo hannuna kwamfutar lafiyarta ƙalau, talabijin ɗin ma haka.

5/
Mai ba da shawarar daga Zoo Road yake rubutu, shago na bayan gidansu. Yaron da ke Lakwaya ko Durun fa? Kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, yini guda yana yawo tsakanin Sabon Gari da Beirut, kuɗin monitar, kuɗin kebul, in Pi 4 ce ma sai ya nemo mai ƙaramin kai. Ka haɗa lissafin, sau da yawa ya kamo kuɗin Pi ɗin kanta. Wa zai ba shi?

6/
Abin da ya fi ba ni haushi, waɗanda suka ƙera abin ma da talabijin ɗin gida a ransu suka ƙera shi. A Fabrairun 2012 aka fara sayar da Raspberry Pi, dala 35, aikin su Eben Upton a Kambirij ta Ingila, don yara su koyi rubuta firogiram. A jikin ta farkon akwai ramin RCA mai ruwan ɗorawa, irin na bayan TV ɗin Inna sak.

7/
Daga B+ ta 2014 suka cire wannan ramin suka haɗa hoto da sauti a rami ɗaya, wanda kuke ɗauka na iyafis ne kawai. Pi 2, Pi 3, Pi 4 duk suna da shi. Wato ƙofar na nan. Ba a gaya wa yaran ba ne, don masu koyarwar su ma ba su taɓa leƙa ta ba.

8/
To me ke sa hoton gudu ko rashin kala? Duk wanda ya taɓa aiki a gidan kallo zamanin VCD ya san amsar. In aka sa faifan Indiya ya fito fari da baƙi yana rawa, yaron gidan kallo ba ya cewa a sayo sabon talabijin. Rimot yake ɗauka ya danna maɓallin nan mai N/P. Hoto ya daidaita, kallo ya ci gaba.

9/
N ɗin nan NTSC ke nan, tsarin Amurka. P kuma PAL. Yaron bai san sunayen ba, amma ya san ciwon kuma ya san maganin. Yau mai satifiket uku a bayo ɗinsa ya ga ciwon nan dai, ya ce a je kasuwa.

10/
Bari in warware, don wanda ya gane wannan ba zai sake buƙatata ba. Talabijin mai ƙeya layi-layi yake zana hoto, daga sama zuwa ƙasa. NTSC layi 525 ne, wajen 480 ake gani, ana share allon kusan sau 60 a daƙiƙa. PAL layi 625 ne, 576 ake gani, sau 50 a daƙiƙa.

11/
60 da 50 ɗin nan daga wutar lantarki suka samo asali. Ta Amurka 60 take bugawa, tamu 50. Najeriya PAL ta bi, tsarin da Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya ƙirƙira a Jamus, aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967. Da shi muka kalli NTA, da shi muka kalli CTV ta Kano tun kafin ta koma ARTV.

12/
Ita kuwa Pi, in ba ka ce mata komai ba, NTSC take fitarwa. Kamfanin Ingila, ƙasar da ita ma PAL ta bi, amma saitin da aka ɗora na Amurka ne. Wannan kam ina ganin laifinsu. Layi ɗaya ne gyaran, amma sai ka san akwai shi.

13/
Saboda haka: in TV ɗinka ya kasa bin 60, hoto zai riƙa gudu. In ya iya bin 60 amma bai san kalar NTSC ba, hoto zai tsaya fari da baƙi, domin shi a kan 4.43 MHz yake neman kala, ita kuwa Pi a kan 3.58 ta ajiye ta. Kamar ka je ɗaukar baƙo a tashar Kabo alhali a Rimin Gado ya sauka. Kana nan, yana nan, ba za ku haɗu ba.

14/
'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da ke karantawa: gidajen talabijin ɗinku SECAM suka bi, irin na Faransa. Layi 625 ne da 50 kamar namu, a wajen kala kawai aka rabu. Akwatuna da yawa na karɓar duka biyun, ku fara gwada PAL tukuna.

15/
Yanzu gyaran. Ba ka buƙatar ganin allon ma. Kashe Pi, zare memori, sa shi a kad rida, jona a kowace kwamfuta, ko a wayarka in tana karɓar OTG. Za ka ga wani ɓangare mai suna boot ko bootfs. A ciki akwai fayil config.txt. Kafin ka taɓa shi ka kwafe shi gefe, don in ka ɓata ka samu na mayarwa.

16/
Buɗe shi ka duba abu ɗaya: akwai layin da ke cewa

dtoverlay=vc4-kms-v3d

ba tare da alamar # a gabansa ba? In babu, ko kuma naka vc4-fkms-v3d ne mai harafin f, kana kan tsohon tsari. In akwai, kana kan sabo. A nan yawancin mutane suke ɓata, don maganin wannan ba ya yi wa wancan.

17/
Tsohon tsari, ƙara waɗannan a ƙasa:

sdtv_mode=2
sdtv_aspect=1

2 ɗin PAL ke nan, 0 ne NTSC. Na biyun yana cewa allonka mai kusurwa huɗu ne irin na da, 4:3. In faffaɗa ne 16:9 ka sa 3. In Pi 4 ce ka ƙara enable_tvout=1, don a ita ƙofar a rufe take zuwa. In ka ga hdmi_force_hotplug=1 ka sa masa # a gaba.

18/
Sabon tsari, wato Bullseye ta ƙarshen 2021 da Bookworm ta 2023, ka gyara layin can ya koma

dtoverlay=vc4-kms-v3d,composite

ka sa enable_tvout=1 in Pi 4 ce, sannan ka buɗe cmdline.txt ka je ƙarshen layin, ka ba da tazara ɗaya ka rubuta

vc4.tv_norm=PAL

19/
Dan Allah ku kula: cmdline.txt layi ƊAYA ne tal. Kar ka danna enta ka sauko layi na biyu. Kuma in daga cikin Pi ɗin kake gyarawa a Bookworm, fayilolin sun tashi daga /boot sun koma /boot/firmware. Cire kebul ɗin HDMI kafin ka kunna, ka mayar da talabijin kan AV.

20/
Kun ga dalilin da ya sa nake faɗa da masu kwafo bidiyon YouTube su watsa a gurup ba tare da sun duba shekararsa ba? Bature ya yi bidiyo a 2016, a Amurka, a kan TV ɗin NTSC, da tsohon tsari. Shi bai yi ƙarya ba, a gidansa ya yi aiki. Kai ka ɗauko ka miƙa wa yaro a Kutama mai Bookworm da TV ɗin PAL, ya ƙi yi, ka ce Pi ɗinsa ce jabu. Haba malam.

21/
Sai maganar kebul, wadda ita ma ta jawo wa Pi da yawa ƙazafi. Fulogin da ke shiga ramin nan gaɓa huɗu gare shi: kai, zobe na farko, zobe na biyu, gindi. A tsarin Pi kai sautin hagu ne, zoben farko sautin dama, zobe na biyu shi ne at, gindi kuma hoto.

22/
Kebul ɗin da ke kasuwa duk kamarsu ɗaya a ido, cikinsu kuwa kowanne da inda ya dosa. Wasu na kyamarar bidiyo ne: at ɗin na daidai amma hoto ya koma wata waya. Irin wannan ba matsala, ka gwada sa jan fulogi ko farin a ramin ruwan ɗorawa, ɗaya zai ba ka hoto. Wasu kuwa at ɗin a gindi yake. Wannan ko ka kwana kana juya shi, sai ƙugi da hoto mai karkarwa, ko duhu.

23/
Kar ka sayi biri a sama. Je wajen mai gyaran rediyo, akwai su a kasuwar Gwarzo, ka ce ya ara maka mita, a sa ta wurin da take ƙara in waya ta haɗu. Taɓa ƙarfen wajen fulogin RCA, ka nemo gaɓar da ta amsa. In ta uku ce daga kai, kebul ɗinka ya yi. Sai ka nemo fulogin da tsinkensa ya haɗu da gindi: shi ne na hoto, ko wace kala ce da shi.

24/
In bai yi ba, mutumin nan zai yanke ya sake haɗa maka da dalma cikin minti goma. Kuma ku riƙa girmama su. Dattijon da ya shekara talatin yana buɗe Sharp da National ya fi yawancinmu sanin siginar analog nesa ba kusa ba, Turancin ne kawai ba ya yi muku.

25/
To, hoto ya tsaya, kala ta zo. Yanzu ga ainihin inda gardamar take: rizolushan. Tambayar da ta fi yawa ita ce, "ya zan mayar da shi 1080?" Ba za ka mayar ba. Babu saitin da zai yi. Wayar ruwan ɗorawa layi 576 take ɗauka a PAL, iyakarta ke nan tun kafin a haife mu.

26/
Amma sai ka ga wani ya turo wa yaro:

framebuffer_width=1280
framebuffer_height=720

wai ya "ƙara masa kaifi". Abin da ke faruwa, Pi za ta zana hoton a 720 ɗin, sannan ta matse shi ta tura ta cikin layukan nan dai. Kamar ka cusa mutum goma sha biyu a Golf ɗin Gwarzo. Duk za su shiga, amma ba wanda za ka gane fuskarsa.

27/
Shi ya sa rubutun ya koma kiyashi. Da hannunka ka ƙanƙanta shi, ka dawo kana zagin talabijin.

28/
Haka ma masu cewa a sayo ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV. Me zai fito ta ɗaya gefen? Layi 576 ɗin nan dai. Ka biya kuɗi, ka ƙara abin da ke cin wuta, ka samu abin da Pi ke bayarwa kyauta. Ku duba gefen akwatin ma, akwai ɗan makunni an rubuta PAL da NTSC. Ko a can sai ka zaɓa.

29/
Dabarar ita ce ka yi ƙasa, ka daina hangen sama. Ga wata alama mai amfani a tsohon tsari: rubuta fbset ka ga lambobin. In ka ga 656x416 kana NTSC. In ka koma PAL zai zama 656x512. Layi 96 ka samu a banza, wato ƙarin layin rubutu shida da ƙananan haruffa. Wanda ke neman "ƙarin rizolushan", ga shi nan, iya wanda ake samu ke nan na gaskiya.

30/
Me ya sa 656 ba 720 ba? Don talabijin mai ƙeya yana ɓoye gefunan hoto a bayan kwalinsa, da gangan aka yi shi haka, kuma kowane akwati da yawan abin da yake ci. Sai Pi ta bar ɗigo 32 a kowane gefe don kar rubutu ya faɗa ciki. A wani TV ɗin ya yi yawa ka ga baƙin zagaye, a wani bai isa ba farkon layi ya ɓace.

31/
A tsohon tsari, da waɗannan ake daidaitawa:

overscan_left=16
overscan_right=16
overscan_top=16
overscan_bottom=16

In rubutu na ɓacewa ka ƙara lambar. In baƙin zagaye ya yi yawa ka rage, har lamba mai alamar ragi tana karɓa, kamar -16. Gefe ɗaya-ɗaya za ka bi, ka sake kunnawa, ka duba. Lambar da ta yi wa abokinka ba lallai ta yi maka ba.

32/
A sabon tsari kar ka dogara da waɗancan. A cmdline.txt ake yi, a layi ɗayan nan:

video=Composite-1:720x576@50ie,margin_left=32,margin_right=32,margin_top=32,margin_bottom=32

Nan ma lambobin na gwaji ne. Aikin haƙuri ne na rabin awa, sau ɗaya za ka yi shi.

33/
Sai haruffa. Rubuta

sudo dpkg-reconfigure console-setup

ka bi tambayoyin har ka kai wurin zaɓen salon rubutu, ka ɗauki TerminusBold. Girman 12x24 zai ba ka wajen harafi 54 a layi, layi 21 a allo. Girman 16x32 zai ba ka 41 da 16, ana karantawa daga bakin ƙofa. Don koyon Python na farko ya wadatar, in malami ne da yara a gabansa na biyu ya fi.

34/
In ka ga siraran layuka na kwance suna kyarma, lafiya lau. PAL rabi-rabi yake aika hoto: layukan mara tukuna, sannan na cika. Layin da kaurinsa ɗigo ɗaya ne a rabi ɗaya kawai yake, sai ya riƙa ƙiftawa sau 25 a daƙiƙa. Shi ya sa na ce haruffa masu kauri. A tsohon tsari sdtv_mode=18 na tsayar da kyarmar gaba ɗaya, amma layukan sun koma 288. Masu tsofaffin gem sun fi son sa.

35/
Kala kuma ku rage son ta. Haske da kala a waya ɗaya suke tafiya, suna shiga gonar juna. Jan rubutu a kan shuɗi ba zai karantu ba ko a sabon TV. Fari a kan baƙi, ko kore mai haske a kan baƙi. Ka shiga saitin talabijin ɗin ka rage kala da kaifi kaɗan, za ka ga gefen haruffa ya daina tafiya.

36/
Wani abu da ake mantawa: caja. Hoton analog ba ya rufa asirin wuta mara kyau. Caja mai arha ko ƙaramin janareta na iya sa ka ga igiyoyi na yawo a allo. Pi 3 na son 5V da 2.5A, Pi 4 na son 3A. In ka ga alamar walƙiya ko gargaɗin ƙarancin wuta a kusurwar sama, bar config.txt ya huta, cajar ce.

37/
Na san me za a ce a ƙasan zaren nan. "Malam kana mayar da yara baya, duniya na maganar AI kai kana maganar TV mai ƙeya." To ku saurara. Ban ce monita ba ta fi ba. Ta fi, nesa. Ba za ka yi zanen fosta ko gyaran bidiyo a layi 576 ba, shiga intanet ma wahala ce, wasu tagogin sai maɓallin OK ɗinsu ya faɗa ƙasan allo.

38/
Amma zaɓin da ke gaban yaron nan ba tsakanin monita da TV yake ba. Tsakanin TV ne da ƙasan akwati. Wanda ya fara rubuta Python yau a talabijin ɗin Inna, in monita ta zo baɗi ta tarar da shi ya yi nisa. Wanda aka ce ya jira, baɗi ma jira yake, in ma bai sayar da Pi ɗin ya sa data ba.

39/
Kuma ku tuna tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta. Akwai ɗaliban da ranar jarrabawa ce ranar farko da yatsansu ya taɓa kibod. Ya san amsa, amma hannu na rawa, lokaci na tafiya. Wannan yaron ba 1080 yake buƙata ba. Yana buƙatar ya saba da zama gaban allo ya danna A, B, C, D, ya san N na kai shi gaba, P na dawo da shi baya. TV ɗin Inna ya ishe shi wannan.

40/
Ga manyan makarantu na ƙaruwa a yankin, har da ta kimiyya da fasaha ta tarayya a Kabo. Su wa za su cike kujerun? In 'ya'yan Gude da Godiya da Masanawa ba su taɓa kwamfuta ba sai sun shiga aji ɗaya, a baya za su zauna a garinsu suna kallon wasu.

41/
Hujja ɗaya da na yarda da ita ita ce ta wuta. Talabijin mai ƙeya na shan wuta sosai, ya ninka Pi sau da yawa, ƙaramar sola ba za ta ɗauke shi ba. Amma ko nan amsar ba dole monita ba ce. Ƙaramin allon da ake sa wa mota don ganin baya da 12V yake aiki kuma wayar ruwan ɗorawa yake karɓa. Tsohuwar DVD ta hannu mai ramin AV IN ita ma ta yi. Batir ɗaya ya riƙe su duka.

42/
In TV ɗin ya tsufa har ba shi da ramin AV sai na eriya, nemo tsohuwar bidiyo ta kaset. Pi ta shiga ta AV ɗinta, ita kuma ta fita ta wayar eriya zuwa talabijin. Ko kan da ke karanta kaset ya mutu ba ruwanka.

43/
Masu Pi Zero: babu rami, amma akwai wurare biyu da aka tanada a jikin allon, a ta farko an rubuta TV a gefensu. Waya biyu za a like da dalma. Pi 5 ta 2023 ma haka, sun cire ramin iyafis ɗin gaba ɗaya sun bar wurin likewa. Ban ji daɗin wannan ba ko kaɗan, don mu ne masu amfani da ramin. Pi 400 mai kama da kibod kuwa ba ta fitar da wannan hoton sam, kar ka wahalar da kanka. In don TV mai ƙeya za ka saya, nemi Pi 3 ko 4.

44/
Gargaɗi, kuma ba wasa nake ba: kar wanda ya kwance bayan talabijin mai ƙeya wai zai gyara girman hoto daga ciki. Akwai wuta ta dubban volt a jikin kwalbar, tana iya zama ko bayan an zare soket. Duk abin da na lissafa a sama daga waje ake yin sa. Abin da ya shafi ciki na mai gyara ne.

45/
Ku kuma masu shirya horaswa, masu zuwa da bana da kyamara ku raba kaya ku ɗau hoto ku koma birni: kafin ku miƙa wa yaro Pi, ku tambaye shi me zai jona ta da shi in ya koma gida. In ya ce TV, ku sa masa PAL a memorin tun a wurin, ku ba shi kebul ɗin da kuka gwada da mita. Kuɗinsa bai kai na ruwan robar da kuke rabawa a taron ba.

46/
In kuma ba ku iya ba, ku ce ba ku iya ba, ku tura shi wajen wanda ya iya. "Sai ka sayi monita" ba amsa ba ce, hanyar sallamar yaro ce cikin ladabi.

47/
Wanda ya bi duk wannan nasa ya ƙi, ya ajiye min abu huɗu a ƙasa: wace Pi ce, hoton allon yadda yake, hoton kan fulogin kusa-kusa yadda zan ƙirga gaɓoɓinsa, da abin da ke cikin config.txt da cmdline.txt. Kar ka rubuto min "ba ya yi" kawai. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya bayan sallar isha'i, in akwai caji.